Katung da Sha Biyar ga Janairu

In ka taɓa shiga wani tsohon ginin gwamnati da ke kudu maso yammacin Washington da safe, to ka san Katung, ko da ba ka san sunansa ba. Shi ne gajeren mai gadin nan mai furfura a gemu, wanda in ya gama duba katinka sai ya nuna maka ɗan farin allon da ya jingina da bango. Shekara ashirin da biyu ke nan, kullum sai ya rubuta a allon nan abin da ya faru a duniya a rana irin ta yau. Ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya isa ya hana shi.

Mutumin kudancin Kaduna ne, daga wani ƙauyen manoman citta. Malamin firamare ne a gida kafin ya ci cacar biza, kuma har yau alli bai fita daga jininsa ba. Sauran ranakun shekara layi biyu yake rubutawa ya ajiye alƙalami. Amma ranar sha biyar ga Janairu, ina! Allon ba ya isa. A ranar aka haifi Martin Luther King. A ranar aka haifi Nasser na Masar. A ranar sojoji suka yi juyin mulkin farko a Najeriya a 1966, a ranar kuma yaƙin basasa ya ƙare bayan shekara huɗu. A ranar jirgin sama ya sauka a kan kogi a New York, ba a rasa rai ko ɗaya ba. Can ƙasa, da jan alƙalami, da haruffa masu ƙiba: "1966, an haifi Katung."

"Ranar da na zo, ƙasa ta girgiza," haka yake faɗa wa duk wanda ya yi gangancin tsayawa. "Uwata na naƙuda, bindiga na tashi a Kaduna."

Ƙauyen nasu fa tafiyar awa huɗu ne daga Kaduna, amma kowace shekara sai ya ɗan ƙara matsowa. Da farko a rediyo aka ji labari. Daga baya ƙarar harbin ce ta iso har ɗaki. Bara kuwa har harsashi ya faɗa tukunyar ruwan wankan jego.

In Litinin ɗin hutun Luther King ta zo, sai ya dubi abokin aikinsa Abdul-Rahaman, wani dogo ɗan zangon Kumasi, ya ce, "Ka ga ƙasar da ta san darajar mutum. Har hutu suke yi mini."

"Massa, hutun nan ba naka ba ne."

"To ai tare muke ci, kai ma kana lasa."

Abdul-Rahaman ya daɗe yana jin warin ƙarya a labarin nan, sai dai bai san ta inda zai kama ta ba. Gaskiya kuma hancinsa bai yaudare shi ba, domin Katung ya san abin da ya binne. Yana tuna wata safiya da aka jera su a gaban hedimasta, kowane yaro ya ɗora hannu bisa kai ya kamo kunnensa na ɗaya gefen. Wanda hannunsa ya kai, ya isa shiga aji ɗaya. Hedimasta bai tambayi kowa ranar haihuwa ba, don ya san ba mai ita. Kwanan watan ranar da suke tsaye ya rubuta, wato sha biyar ga Janairu, ya cire shekara bakwai, ya raba wa yara talatin da biyu. Ko matarsa Martina bai taɓa faɗa wa wannan ba.

To, bana zai cika sittin a takarda. Martina, wadda nas ce kuma shugabar zumuntar mata, ba ta yin abu rabi da rabi. Ta kama zauren cocinsu a Lanham, kusa da Washington, ta fitar da anko, ta gayyaci mutum ɗari da hamsin, ta sa aka rubuta duk tarihin allon nan a jikin kek. Katung na tafiya kamar ƙasa ba ta isa ta ɗauke shi ba. Ana saura mako uku, sai ga waya: yayarsa Atine ta iso daga gida, don 'yarta da ke nan kusa a Silver Spring ta haihu.

Atine ta girme shi da shekara tara, kuma ba ta iya ƙarya ba, ba ta iya barin ta wani ta wuce ba. Mace ce da in fasto ya kuskure aya, daga kujerarta take gyara masa. In ta buɗe baki a zauren nan, mutuncin shekara ashirin da biyu ya zube a gaban coci da abokan aiki gaba ɗaya.

Ya sayi lemo ya nufi Silver Spring. Bayan doguwar gaisuwa da ganin jariri, ya gyara zama.

"Yaya, sanyin ƙasar nan mugu ne. Likitoci sun ce kada manya su fita ko ƙofa har Maris."

"Na yi shekara goma a Jos. Wane sanyi za a nuna mini?"

"Kuma akwai doka a nan, wanda ya wuce sittin da biyar ba ya riƙe makirfo a taro."

Ta dube shi ta saman tabarau. "Katung, tun kana yaro in za ka yi ƙarya kunnenka ke motsi. Ga shi nan yana rawa."

Da dabara ta ƙare, sai ya koma roƙo. Ya faɗa mata komai, har da harsashin tukunya. Ta yi dariya har sai da jariri ya farka.

"Don Allah, Yaya, in aka tambaye ki, ki ce kin manta."

"Ban manta ba."

"To ki yi shiru."

"In ba a tambaye ni ba, bakina ƙanin ƙafata."

Wannan ya ishe shi. Da hannunsa ya tsara jerin masu jawabi, ya tsallake sunanta, ya sa aka ajiye mata kujera can kusa da tukwanen shinkafa.

Ranar Asabar da rana zaure ya cika, ƙanƙara a waje, gumi a ciki. Zumuntar mata suka yi waƙa, fasto ya yi addu'a, Katung na zaune cikin babbar riga yana gyaɗa kai kamar gwamna. Komai na tafiya daidai har aka kira abokin aiki ya ce wani abu. Abdul-Rahaman ya miƙe yana murmushin da Katung bai so ba.

"Shekara ashirin ina jin labarin ranar nan daga bakin wanda bai da wayo sa'ad da aka yi ta. Yau Allah ya kawo mana shaidar ido." Ya taka har wajen tukwane, ya rusuna. "Mama, gaya mana yadda aka yi harbin."

Wayyo Katung! Ya ɗaga hannu zai yi magana, tafi ya danne shi. Atine ta goge hannu, ta karɓi makirfo, ta ce, "To, an tambaye ni."

"Ranar da aka haifi wannan, ba wanda ya harbi kowa. Ba ma Janairu ba ne. Tsakiyar damina ce, Agusta, muna ciran ciyawa a gonar citta. Sha biyar ga Janairu kuwa hedimasta ne ya ba su, shi da duk 'yan ajinsu, har da wasu biyu da aka haifa a gidanmu ina kallo, wata shida tsakaninsu."

Zaure ya fashe da dariya. Wani ya buga tebur. Martina ta juyo ta dubi mijinta, ta dubi kek, ta sake dubansa. Katung ya so ƙasa ta tsage ya shige da babbar rigarsa.

Amma Atine ba ta mayar da makirfo ba.

"Ban gama ba. Ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, daga ni sai Mama a gona. Naƙuda ta kama ta, muka shiga bukka. Ya fito ɗan mitsitsi, bai yi kuka ba, bai motsa ba. Mama ta juya fuska ga bango ta ce in rufe shi da zane. Ni kuwa na ƙi. Na ɗauke shi ina murza bayansa, ina hura masa iska a fuska, ina kuka. Da na rasa abin yi, sai na gantsara masa mintsini a cinya. Ya buɗe baki ya tsala ihu." Ta share ido da bakin gyale. "Tun ranar bai rufe bakin nan ba. Ban san kwanan watan ba, jama'a. Mama ta tafi, Baba ya tafi, ni kaɗai na rage da na ga ranar. Amma a wurina, ba ranar da ta kai ta girma."

Katung bai taɓa jin wannan ba. Shekara da shekaru yana tono littattafai yana neman manyan da suka yi tarayya da shi a rana, ashe wadda ta ƙwato masa ranar ce ya zaunar kusa da tukwane. Ya tashi, ya ratsa zauren, ya durƙusa a gabanta da gwiwa biyu, ya kifa kai a cinyarta yana kuka kamar yaro. Can baya wata tsohuwar nas ta ɗaga murya, tana kiransa da sunan 'yarsa, "Kada ka ji kunya, Baban Tracy! Ni ma hedimasta ne ya haife ni!" Hannaye suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya, kusan rabin zauren. Na Abdul-Rahaman ne ya tashi a ƙarshe, a hankali.

Kada ka ɗauka ya shiryu. Sha biyar ga Janairu na nan a hannunsa, ya ce kyautar gwamnati ba a mayar da ita. Ya kuma haɗa da Agusta gaba ɗayansa, tunda ba wanda ya san ranar, duk wani babban da aka haifa cikin watan ya zama abokin haihuwarsa. Abdul-Rahaman ya ce da ya sani da ya yi shiru.

Atine ta koma gida a watan Afrilu. Ranar da aka fara ruwa mai ƙarfi a Agusta, ma'aikata suka shigo da lema a jiƙe, suka dubi allo. Babu sarki, babu yaƙi, babu shekara. Layi ɗaya ne da jan alƙalami: "A rana irin ta yau, wata yarinya 'yar shekara tara ta ƙi rufe ƙaninta da zane." Shi kuwa yana tsaye a bakin ƙofa da waya a kunne, yana cewa, "Yaya, ana ruwa a nan. Na ce bari in gaishe ki."