Laifin da Aka So a Binne Tare da Baig Sahab

Na Allah ne mu, kuma gare Shi komawarmu take. Ranar Laraba, tara ga watan Yuli, da hantsi, Tajammul Baig, wanda muke kira Baig Sahab don girmamawa, ya rasu a gidansa da ke Tolichowki, nan Hyderabad, bayan doguwar jinyar ciwon zuciya. Shekararsa hamsin da takwas. Mun sallace shi bayan la'asar, ana yayyafi.

Baig Sahab, shekara goma sha ɗaya na yi a teburin da ke kusa da naka. Duk saƙon da zai shiga kwamfuta ta katin sadarwa yake bi, kuma kai ka tsara hanyar da masu rubuta manhaja ke kafa wa katinmu doka: wannan saƙo ya wuce, wancan a yar da shi. Ba ka taɓa rubuta layi ɗaya na aikin ba sai ka fara rubuta bayaninsa. Ka buga a takarda, ka sauka shagon shayin ƙasan bene, ka tare duk wanda ka samu daga wani sashe, ka saya masa shayi da biskit, ka ce ya karanta ya faɗi abin da katin zai yi. In ya kuskure, takardar kake zargi, ba shi ba.

Wallahi ka sha ba ni haushi. Akwai lokacin da ka riƙe aikina sati biyu cur saboda ban rubuta abin da zai faru in katin ya ƙi doka ba. Na ɗauka baƙin ciki kake yi mini, har na kai ƙararka wajen matata. Sai daga baya na ji cewa a cikin satin nan ka shiga wajen manya ka ce ni za a ba sashen idan ƙarfinka ya ƙare.

Doka ɗari biyar da sha biyu kawai katin ke ɗauka. Wata biyu ka yi kana faɗa da masu talla a kan cewa in ya cika dole ya fito fili ya ce babu wuri, kuma ka rubuta hakan da manyan baƙaƙe. Kai ka yi nasara.

Shi ya sa hankalina bai kwanta ba tun ranar sadakar uku. Manajanmu, Sudhakar Reddy, ya zo gidanka, ya ci abincin sadaka, yana ta yabonka. Amma sau uku na ji ya ce wa mutane daban-daban wai a ƙarshen nan ka fara mantuwa. Wace mantuwa? Mutumin da ya kira ni daga gadon asibiti ya gyara mini lambar shafi? Da na koma ofis sai na tarar an rufe kwamfutarka tun ranar rasuwar, kafin ma mu dawo daga maƙabarta. Ofishin da ke yin wata guda bai canza ƙwan fitila ba.

Ranar Alhamis ta satin da ya biyo baya abin ya fito. Wani kamfanin waya da ke sayen katinmu ya ɗora masa doka sama da ɗari shida. Katin ya amsa da "an karɓa" a kan kowacce, alhali kusan ɗari ba su zauna ba. Saƙonnin ɓarna suka kwararo ta giɓin, na'urorinsu suka tsaya awa huɗu. Sudhakar ya kawo mini rahoton da za a aika musu ranar Litinin. A ciki an ce tsohon tsari ne na injiniyan da ya rasu, da bayani mai rauni. Ya ce in sa hannu tunda ni ne shugaban sashe yanzu.

Na ce ya ba ni yini guda. Duk gyaran da aka taɓa yi wa manhajarmu yana nan a ajiye da sunaye biyu, na wanda ya rubuta da na wanda ya duba ya amince. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, ina zargin kowa a benen nan. Na sami gyaran da ya jawo matsalar a watan Nuwamban bara, lokacin kana asibiti karon farko. An cire amsar "babu wuri" don gwajin wani mai saye ya wuce lami lafiya, an kuma goge sakin layinka daga littafin bayani. Sudhakar ne ya rubuta, kamar yadda na zata. Na ji wani daɗi marar kyau, na matsa ƙasa in ga wane sakarai ne ya amince masa.

Sunana ne, Baig Sahab. Mujtaba Quadri. Minti huɗu tsakanin aikowa da amincewa. Ban ma tuna ranar ba. Ban buɗe gyaran ba, na danna kawai, yadda duk muke yi in aiki ya yi yawa kuma ba ka nan.

Na kai wa Sudhakar. Ya rufe ƙofa ya yi ƙasa da murya.

"Mujtaba, ka yi tunani. Shi ba wanda zai kore shi daga aiki yanzu. Kai 'ya'yanka uku."

Na ce, "Shi ma biyu ya bari, kuma sun iya karatu."

Ban sa hannu ba. Na rubuta nawa rahoton da sunayen biyu yadda suke, na aika wa manya ranar Juma'a, na mayar da amsarka da sakin layinka inda suke. Har yau ba wanda ya ce mini uffan, kuma shirun nan ma ban yarda da shi ba. Ban san ko zan kai ƙarshen wata a teburin nan ba. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba, amma kunyarka ta fi.

Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Tahera Begum, da 'ya'yanka Areeba da Faraz. Duk abin da za ku ji daga ofishin nan, ku sani aikin mahaifinku bai karye a hannunsa ba, a hannuna ya karye. Allah Ya ba ku haƙuri. Allah Ya jiƙan Baig Sahab, Ya yalwata kabarinsa, Ya sa jinyarsa ta zama kaffara. Ni kuma ban samu na nemi yafiyarsa yana raye ba, don haka taku nake roƙo.