Katunan Gefe da Kawun Nura

Cikin ranakun da na yi ina riƙe da teburin kati a shagon Alhaji Tanimu a Kura, wadda har gobe ba ta fita raina ba ita ce ranar da 'yan Bunkure suka zo mana karo na uku. Ku da kuka kama aiki daga baya kun tarar da ɗakin baya da fanka da benci, kuna zaton haka ya faɗo daga sama. To, saura ƙiris ya koma ma'ajiyar albasa.

Shagon na cajin waya ne da sayar da lemo. Alhaji ya sayo katunan wasa daga Kano, irin waɗanda ake tarawa ana musaya, masu hoton dodanni da tarkuna, ya ɗora ni a kan tebur: ni ne alƙali, ni ne mai koyarwa, ni ne mai shara. Ba a sa ko sisi, kuma sai da bakina ya bushe kafin dattawan unguwa su yarda ba caca ba ce. Kowane ɗan wasa yana da ƙunshin kati arba'in, da wasu goma sha biyar a gefe, waɗanda samari ke kira sayid. Zagaye uku ake bugawa, wanda ya ci biyu shi ya yi nasara. Tsakanin zagaye kana da damar cire wasu daga ƙunshinka ka maye gurbinsu da na gefe.

Dillalin da ke kawo mana kaya iri ɗaya tak yake da shi, kuma shi ke kai wa shagon Bunkure. Saboda haka duk karawarmu da su, abin da ke hannunka shi ke hannun abokin wasanka. Idan haka ta faru, katunan gefe ne kaɗai ke raba gardama.

Sau biyu suna zuwa har gida su lallasa mu. Samarinmu suka fara hawa babur suna tafiya can kallo ranar Juma'a, lemon Alhaji yana kwana a firji. Lokacin cire albasa ne, ya kira ni ya ce, "Habu, in suka sake cin ku, buhuna zan zuba a ɗakin nan. Albasa ba ta ba ni kunya." Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na ce masa ya ba ni wasa ɗaya.

Gwaninmu shi ne Nura, direban keke-napep. Shugaban 'yan Bunkure kuwa Sabo ne, ma'aikacin injin shinkafa, ƙanin mahaifiyar Nuran. A karawa biyun da suka wuce na lura da abu guda: da an gama zagayen farko, sai Sabo ya miƙa hannu ya ce, "Nura, miƙo in ga abin da ka tanadar mini." Shi kuma ya miƙa katunan gefensa da hannu biyu. Sabo ya duba, ya gyara nasa ƙunshin daidai da abin da ya gani. Dokar wasa ba ta hana mutum nuna katinsa da kansa ba.

Na tare Nura a tasha na ce, "Kai wane irin mafarauci ne, mai nuna wa kura inda ya kafa tarko?"

Ya ce, "Malam Habu, in hana kawuna? Wallahi kafin in isa gida labari ya riga ni wajen Inna."

Na koma wa Alhaji da shawarar in kafa doka a matsayina na alƙali. Ya ce, "Ka kafa, Sabo ya tafi yana cewa mun raba zumunci a kan takarda? Ba da ni ba." Nan na ƙudura cewa Nura zai nuna, kuma zai ci.

A irin wannan karawa, tarkuna ke kashe mutum. Muna da wani kati a gefe da muke kira tsintsiya, domin yana share duk tarkon da abokin wasa ya kafa. Duk wanda ya ga tsintsiya a gefenka zai cire tarkunansa, ita kuma ta zame maka kaya a hannu, ba abin sharewa. Na ce wa Nura, "Ka nuna masa duka. Sannan ka zuba goma sha biyar ɗin nan cikin ƙunshinka gaba ɗaya, ka cuɗa, ka zaro goma sha biyar ɗin da ka zaɓa, ka ajiye su a kife. Ba zai san wanda ya shiga da wanda ya fita ba. Tsintsiya kuwa ka bar ta a waje, ka shigar da dodanni masu saurin kai hari." Duk tsakar rana, lokacin da fasinja ke ƙaranci, yakan ajiye kekensa mu maimaita, ni ina zama Sabo, har da miƙa hannun da gyaran muryar.

Ranar wasa ɗakin ya cika har ƙofa. A karawar sauran samarin aka yi kunnen doki, ya rage Nura da Sabo. Nura ya faɗi zagayen farko. Sabo ya miƙa hannu kamar yadda ya saba, Nura ya ba shi. Ya ga tsintsiya, ya yi murmushi, ya cire tarkunansa. Sai Nura ya cuɗa komai wuri guda, ya zaro nasa a kife. Sabo ya buɗe baki zai sake neman gani, ya dubi jama'a, ya fasa. Babba ya tambaya sau ɗaya, iko ne. Ya sake tambaya a gaban mutane, ya zama roƙo. Dodannin Nura suka shiga masa ba tarko ko ɗaya da zai tare su, aka yi ɗaya da ɗaya.

Wannan ma mun shirya masa. Na riga na gaya wa Nura cewa kawunsa ba ya yarda a sare shi sau biyu a rami ɗaya, don haka zai dawo da tarkunansa, kuma a lokacin tsintsiya za ta shiga. Kafin zagaye na uku Nura da kansa ya miƙa katunan ya ce, "Kawu, ga su."

Sabo ya ce, "Riƙe abinka, ɗan nema."

Aka fara, Sabo ya kafa tarkuna uku a jere, yana kishingiɗe. Nura ya ajiye tsintsiya a hankali, kansa a sunkuye, kamar mai ba da haƙuri. Ihun da aka yi sai da masu shayi na tsallaken titi suka leƙo. Ni dai na zauna a kan akwatin lemo. Alhaji ya tura a raba wa kowa mai sanyi, har da baƙi.

Sabo ya tashi ya dafa kan Nura ya ce, "Ka ci ni, kuma ba ka raina ni ba. Zan gaya wa yayata da bakina."

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. Aikin nan ba sanin kati kaɗai ba ne, sanin wanda ke riƙe da katin ne, da wanda ke zaune a gabansa. Samarin da ke shigo muku da tarbiyyar gidajensu suke shigowa. Da na matsa wa Nura ya hana kawunsa, da wataƙila ya ci wasa ɗaya, amma da mahaifiyarsa ba ta sake barin sa ya taka ƙofar shagon nan ba.