Shekarar da Baba Ya Je Godiyar Kaka Hannu Wofi

Shekara goma ke nan cif da muka binne mahaifina, Baba Ayuba, manomin doya a hanyar Doma kuma dattijon ikilisiya. Duk shekara 'yan'uwana kan ce in rubuta wani abu a kansa tunda ni ce malamar makaranta, ni kuwa sai in yi ta hanya-hanya. Ba abin faɗa na rasa ba. Abin faɗar ne ba ya mini daɗi.

Kafin a yi masa baftisma, Baba mashayi ne na bugawa a jarida. Ranar da ya fito daga ruwa ya yi wa Allah alkawari cewa giya ba za ta sake shiga bakinsa ba, ba kuma za ta taka gonarsa ba. Na biyun ya fi wuya, domin a wurinmu ba a yin gayya sai da tulun burkutu a gindin bishiya. Shi kuwa kunu yake bayarwa, saboda haka gayyarsa ba ta cika, ya saba tada kunyoyin doyarsa da galmarsa shi kaɗai.

Wata shekara, a ƙarshen damina, ya faɗo daga keke ya karye a ƙafa. Ƙasa ta fara bushewa, in ta yi tauri babu kunya, babu doyar baɗi, ga baki tara a gida. Muka kira gayyar kunu, mutum uku suka zo. Ni ce babba, na riga na yi aure, kuma ina ganin na fi kowa wayo. Na je wurin Gwaggo, ƙanwarsa, wadda dafa burkutu ne sana'arta. Muka shirya a ɓoye, muka sake kiran gayya, aka ajiye tulu huɗu a bakin gona. Ran nan maza suka cika wuri, kafin la'asar sun gama.

Ashe Baba ya dogaro sanda ya biyo mu don ya yi musu godiya. Tsohon mashayi ba a ɓoye masa warin giya. Ya dubi tulunan, ya dube ni, ya gaishe da mutane ɗaya bayan ɗaya, ya juya gida. Na jira faɗa, na ma tanadi amsa, amma bai ce uffan ba.

Doya ta yi kyau, irin wadda ba mu taɓa gani ba. Ranar da aka daka sakwarar farko ya ture kwanon a hankali ya ce, "Ku ci, yara. Ba ku ne ya yi alkawari ba, ni ne." Shekarar nan kaf tuwon dawa ya ci. Ni dai haushi na ji, na ce taurin kai ne kawai.

Sai ranar godiyar kaka ta zo. A ikilisiyarmu kowane magidanci kan ɗauko mafi kyawun amfanin gonarsa ya kai gaban bagade ana waƙa, kuma Baba ne kullum kan gaba da doyar da sai an taya shi ɗauka. Ran nan ya shiga layi yana ɗingishi, hannu wofi. Da ya isa gaba ya ce wa jama'a, "Bana ba ni da abin da zan kawo. Gona na ne, giya ya shiga, laifi na ne. Ku yi mini addu'a." Bai ambaci sunana ba. Ina cikin mata da kwandon doyar nan a kaina, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Har yau ban gama shari'ar nan a zuciyata ba. Da ban yi abin da na yi ba, me ƙannena za su ci? Amma kuma shi bai taɓa cewa yunwa ƙarya ce ba. Abin da ya sani shi ne, maganar da ka yi wa Allah a bakin rafi tana binka har gona.

Yanzu an ce garinmu Lafiya ta zama babban birnin jiha, kowa na gudun kada a bar shi baya. Godiyar kaka ma ta koma gasa, ana kiran sunan wanda ya kawo buhu, ana tafi, ba mai tambayar yadda aka same shi. Ni ma shugabar zumuntar mata ce, nakan sayo doyata a kasuwa in zaɓi wadda za ta cika ido. Da Baba zai leƙo, ba na jin zai yi wa kowa wa'azi. Shiru zai yi, irin shirun nan na bakin gona, kuma shi nake tsoro.

Bai bar mana gidan kwano ba, gonar ma an yanka ta filaye. Abin da ya rage mini shi ne wannan. Kwana biyu kafin ya rasu na kai masa sakwara. Ya yi murmushi ya ce, "Rahila, wannan daga wane gona ne?" Ƙofa ce ya buɗe mini, bayan shekara bakwai, in ce Baba ka gafarta mini. Sai na yi dariya na ce ta kasuwa ce. Ya ci loma biyu ya ce ya ƙoshi.

An ce da-na-sani ƙeya ce. Shi ya iya tsayawa gaban ikilisiya guda ya ɗauki laifin da ba nasa ba, ni kuwa na kasa ɗaukar nawa a gaban tsoho ɗaya. To, ga shi na rubuta inda kowa zai gani: tulunan nan huɗu, ni na kai su.