Zarton da muka kai wa Goggo

Ana sallame sallar asuba muka bar Kano, ni da yayana da abokinsa da ya ara mana mota. Wani ƙauye muka nufa a bayan Bagwai, za mu ɗauko Goggo, yayar babanmu. Tana da ciwon suga, ga gyambo a ƙafa ya ƙi warkewa har ya fara wari. An ce mana iska ta kayar da bishiya a hanyar shiga garin, mota ba ta wucewa, kuma mai unguwa ya ce idan za mu zo mu taho da zarto. Na ce gari guda na manoma a rasa gatari? Yayana ya ce in yi shiru in shiga mota.

A Bichi muka tsaya. Na sayi ƙosai, wallahi sai da na sake leƙa ledar, kowane ɗaya bai fi goro ba. Kafin in gama mita wani mai kayan ƙarfe ya buɗe shago. Zarto iri-iri ya baje mana: akwai na kafinta mai ƙananan haƙora, akwai ɗan ƙarami mai ninkewa kamar wuƙa, akwai mai baka da manyan haƙora. Yayana ya ɗauki na kafintan yana juyawa, wai ya fi sheƙi. Ni ba na son dogon ciniki. Na karyo ɗanyen reshen darbejiya a bakin titi na ce a gwada. Na kafintan ya ɗan shiga sai ya cushe da gari ya tsaya cak. Ƙaramin yana ci, amma tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba, sai dai a yi wa mangwaro aski da shi. Mai bakan ya ratsa reshen kamar rake, kuma ba nauyi, ni ma na ɗaga shi da hannu ɗaya. Shi muka saya, da ƙarin ruwan zarton guda ko zai karye. Kuɗin da aka faɗa kuwa, sai da na tambayi mutumin ko da injin ya haɗa mana.

Daga Bagwai kwalta ta ƙare. Duk wanda bai san wajen nan da damina ba, ba zai gane ba: babu tafin hannu ɗaya na ƙasa da ba a shuka ba. Gero dama da hagu ya fi motar tsayi, ganyensa na sharar gilashi. Babu inda za ka kauce sai ka taka abincin wani.

Sai ga bishiyar. Ɗorawa ce ƙatuwa, ta kwanta ta tare hanyar gaba ɗaya, ganyenta har ya bushe. Abin da ya kashe min jiki shi ne mutanen da na gani zaune a gefenta, wasu da gatari a kafaɗa za su gona. Ba wanda ya karyi ko tsinke.

Mai unguwa ne ya yi mana bayani. A nan gona daban, bishiya daban. Gonar ta wani ce, ɗorawar kuma ta wani mamaci ce da ba a raba gadonsa ba. Babban ɗansa yana kudu, wayarsa ba ta shiga, sauran kuma yara ne ƙanana. Itacen girki a wajen ya yi wuya, kara ake ƙonawa, don haka ɗorawar nan dukiya ce. In aka sa gatari, ɓarɓashi zai watsu, kowa ya tsinta, an ci haƙƙin marayu. Zarto kuwa yanka yake yi tsaf, a mirgina guntun gefe, komai na nan har mai shi ya dawo.

Na ce, “Baba, ƙafar mutum tana ruɓewa, ku kuna lissafin ɓarɓashi?”

Yayana ya take min ƙafa. Tsohon bai ko ɗaga murya ba, ya ce in bari in isa wajen Goggon tukuna.

Aka shimfiɗa buhu a ƙasa, wai ko garin katakon a tara wa marayun. Ni dai kallo nake, bakina a buɗe. Maza suka riƙa karɓa-karɓa, aka fara da rassa, aka zo kan gangar jikin ana zagaya ta. Ni ma na ja har tafina ya yi bororo. Wata mata ta kawo mana fura mai sanyi da dafaffiyar gyaɗa, ta ƙi karɓar ko sisi. Sai bayan azahar hanya ta buɗe.

Ina shiga ɗakin Goggo warin ya buge ni. Ban ko gama gaisuwa ba na fara faɗa, na ce mutanen garin nan ba su da imani. Ta bari na gama.

“Ni na hana,” ta ce. “Samari sun zo da gatari tun ranar da bishiyar ta faɗi. Ba zan je asibiti a kan itacen marayu ba.”

Na ce to me ya hana a kai ta bakin bishiyar a tsallakar da ita? Ta ce ita ba buhun dawa ba ce da maza za su cicciɓa a gaban jama'a.

Kafin magariba muna asibiti a Kano. Likita ya duba ya ce ƙafar za ta tsira, amma yatsu biyu sai an cire, kuma da an kawo ta da wuri da ba a kai ga haka ba. Na juya na kalli Goggo. Ta ce alhamdulillahi, ta tambaya ko an rufe itacen da leda saboda ruwa.

Na dawo gida da bororo a hannu da haushi a rai. Abin da na koyo: in za ka shiga ƙauye da damina, sa zarto mai manyan haƙora a mota, kuma kafin ka taɓa bishiya tambayi mai ita. Har yau ban yarda Goggo ta yi daidai ba, na kuma faɗa mata a gadon asibiti. Ta ce yatsun nata ne.