Yadda Rasha Ta Faɗi a Rumfar Kawu Manu

Duk wanda ya san Kawu Manu mai gyaran keke a kasuwar Jega ya san ba a gaishe shi da safe a samu amsa nan take. Ka ce masa ina kwana, sai ya ɗaga maka hannu, ya manna kunne jikin tsohuwar rediyon nan tasa da anka ɗaure da robar taya. Sai ya tabbatar Rasha da Amurka ba su harbi juna ba, sannan ya juyo ya ce lahiya lau. Ni ɗan ƙanwarsa ne, cikin wannan na tashi, amma har na girma na zama direban motar albasa ban daina jin haushi ba. Haba jama'a, mota na cin mai, kai kuma kana tsaye kana jiran Rasha ta ba da izinin amsa gaisuwa!

Kuma fa Kawu bai taɓa ganin mutumin Rasha da idonsa ba. Iyakar tafiyarsa a duniya Birnin Kebbi, ita ma ciwon haƙori ya kai shi. Dalilin zamansa Na Rasha guda ne: Bawa mahauci, wanda teburin namansa ke kallon rumfar Kawu, shi ya riga cewa Amurka ta fi kowa ƙarfi. Tare anka yi musu kaciya, tare sunka tashi, kuma tun suna yara in Bawa ya ce gari ya waye sai Kawu ya fita ya duba. To tunda Bawa ya ɗauki Amurka, me ya rage wa Kawu? Matarsa ta rasu tun da ƙuruciya, bai sake aure ba, bai bar ɗa ba. Gidansa ba motsin kowa sai na kaji. Gardamar nan da Bawa ita ce iyalinsa, ko da yake da ka faɗa masa haka da ka sha sifana a goshi.

Mahaifiyata ta ba ni labarin ranar da ya rufe iyaka. Wai rediyo ce ta ba da tarihin yadda Rasha ta taɓa toshe hanyoyin wani birni a Jamus, Amurka kuma ta riƙa kai wa mutanen abinci da jirgin sama. Bawa ya yini yana dariya. Ranar kasuwa na zagayowa, Kawu ya kwaso duk matattun kekunan da ke bayan rumfarsa ya jibge a ɗan lungun da masu sayen nama ke bi. Anka kira sarkin kasuwa, anka duba, ashe da gaske lungun cikin filin Kawu yake. Bawa kuwa ya samo dabara. Sai ya riƙa naɗe nama a ganye yana cilla wa mai saye ta saman tarin ƙarafan, kowanne ya cilla sai ya sanar wa kasuwa cewa jirgi ya sauka lafiya. Ana cikin haka shirwa ta kawo sura, ta cafe ƙunshi guda tun yana sama, ta yi gaba. Kawu ko ɗago kai bai yi daga facin da yake yi ba.

"Wagga tamu ta," ya ce. "A hwaɗa mashi akwai sauransu bisa."

Daga nan sunka sa wa juna takunkumi. Kawu ya rantse bakinsa da naman Amurka har abada, Bawa ya rantse kekensa ba zai shiga hannun Rasha ba. Amma akwai Hajjo mai ƙosai a tsakaninsu, wadda Kawu ya naɗa 'yar ba-ruwanmu. Kowace ranar kasuwa Hajjo ta sayi balangu wai na jikokinta, ya ɓulle a rumfar Kawu. Keken Bawa kuma in ya lalace, sai ya zama na wani ƙanin Hajjo da ba wanda ya taɓa gani. Da haƙoran Kawu sunka fara zubewa, sai naman jikokin Hajjo ya koma hanta zalla, mai laushi. Na taɓa yi masa tsiya na ce Kawu, wannan hantar fa ƙamshin Amurka take. Ya harare ni yana tauna, ya ce ganimar yaƙi halal ce.

Sai batun rami. Lokacin rikicin Kuba, da anka ce saura ƙiris manyan nan su ƙone duniya, Kawu ya haƙa wani ƙaton rami a bayan ɗakinsa, ya rufe shi da itace da ƙasa, ya sa tulun ruwa da buhun gero. Duniya ba ta ƙone ba, amma bai cike ramin ba. Kowace shekara bayan damina sai ya gyara shi. Wata rana, ina da aure har da 'ya'ya, ya sa ni na taya shi canza itacen da gara ta ci. Da na leƙa sai na ga tabarma biyu a shimfiɗe. Raina ya yi fari, na ce ashe Kawu na ji da ni haka. Ya ce in daina mafarki, ni da iyalina Allah ya kiyaye mu a waje. Ta biyun ta fursunan yaƙi ce.

"In duniya ta tashi ban da Bawa," ya ce, "wa za ni nuna ma ni ad da gaskiya?"

Shekarar da anka ba mu Jihar Kebbi, Bawa ya riga ya ajiye wuƙa. Ciwo ya taɓa masa ɓarin jiki, ɗansa ya ɗauke shi ya koma da shi Aliero. Tunda kullum ina kan hanyar nan ɗaukar albasa, sai na zama mai kai saƙo. In kai zagin Rasha da safe, in dawo da na Amurka da la'asar, kuma kowanne sai na maimaita shi daidai, har da tsakin. Kawu kan zauna a bakin rumfa yana kallon hanya. Teburin Bawa wani yaro mai sayar da batir ya gaje shi, wanda bai san ko Rasha a gabas take ko a kudu ba.

Ba a jima ba rediyo ta ce Tarayyar Sobiyet ta wargaje, kowace ƙasa ta kama gabanta. Wayyo Kawu. Na ɗauka zan tarar da shi kwance. Ina! Na same shi ya sha babbar rigarsa ta Sallah, ya kafa hula, ya zauna tsaf yana jiran harin Aliero. Ya ce in yi maza in je in kwaso duk abin da Bawa zai ce, kada in rage ko ɗaya, ya tanadi amsa.

Na je. Bawa ya ce in gaishe da Manu, in ce masa yaya ƙarfin jiki. Shi ke nan. Tausayi ya ji, bai so ya taka wanda ya riga ya faɗi.

Da na isar da saƙon, Kawu ya ce in sake faɗa. Na sake. Sai ya cire hular ya ɗora a gwiwa.

"Gaisuwa? Ni Bawa za ya gaisar kamar baƙo?"

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ko a ranar da munka binne mahaifiyata. Washegari bai buɗe rumfa ba, jibi ma haka. Na je gida na tarar da shi zaune a tsakar gida, rediyo a kashe, tuwon da matata ta aika ya bushe a kwano. Faɗuwar Rasha ba ta kayar da shi ba. Abin da ya kayar da shi, mutum ɗaya da ya rage masa a duniya ya daina ganinsa a matsayin abokin karawa. Raina ya ɓaci, na ce Kawu tashi, yau sai Aliero, ko da ɗaukarka zan yi.

Munka tarar da Bawa a zaure, an jingina shi da matashi. Kawu ko zama bai yi ba. Ya ce shi bai zo dubiya ba, ya zo karɓar haƙƙinsa ne, a zage shi yadda ya kamata. Bawa ya dube shi, ya dube ni, sai na ga gefen bakinsa mai lafiya ya fara motsi.

"To ina Rashar taka, Manu? Ta watse kamar kasuwar da ruwa yat tarar."

Wallahi sai da Kawu ya ƙara tsawo. Ya gyara riga, ya zauna, ya harɗe.

"Jahilci dai bai yi ba. Haihuwa ta yi. Da Sakkwato tah haihi Kabi, mutuwa ta yi?"

Bawa ya yi dariya har ya sarƙe, sai da anka kawo ruwa. Sunka ɗora daga nan, daga Koriya sunka faɗa Kuba, sunka hau wata sunka sauko. Na je na yi lodi na dawo ban tarar sun gama ba. A hanyar komawa Kawu ya cinye ƙunshin tsire shi kaɗai, bai ko yi mini tayi ba.

Kafin damina ta faɗi Bawa ya rasu. Samarin tasha sun yi ƙoƙari, Allah ya saka musu. Sukan zo su tsokani Kawu da Amurka, amma da ya ɗaga murya sai su ce gaskiyarka Baba, su koma hirar ƙwallo. Ya ce musu su daina wahalar da kansu. Rumfar ta yi shiru, har na fara sauya hanya don kada in gan shi zaune shi kaɗai.

Wata rana da azahar na biyo, sai na jiyo muryarsa tun daga nesa, yana ta zuba. Na ce alhamdu lillahi, an samu abokin gardama. Da na ƙaraso, ba kowa. Shi kaɗai ne da wata taya a cinya, yana lissafa jiragen Amurka da alkamarta, yana cewa ƙasar da ta kasa ciyar da mutanenta ba ta da bakin magana. Kunnena bai yarda ba. Na ce Kawu, yau kai ne da yabon Amurka, ko ka sauya sheƙa ne? Ya share ido da bakin riga, ya ce hayaƙin faci ne.

"Ban sauya ba. Riƙo ni kai ma Bawa. Ba ta da kowa nan garin."

Haka ya riƙe ɓangaren biyu shi kaɗai har Allah ya karɓi abinsa, shekara ba ta zagayo ba.

Allah ya jiƙan Kawu Manu, ya jiƙan Bawa, ya yafe musu kurakuransu. Ya Allah, Kawu ya sha zaman kaɗaici a duniya, kada ka bar shi shi kaɗai a can. Ka zaunar da su a inuwa guda, kusa yadda za su ji muryar juna. Amin.