Ɗakin da Rabiou Ya Binne wa Houda

In ka nemi mai taurin kai a Greensboro ta Amurka ka rasa, to ba ka haɗu da Malam Rabiou ba. Shekara shida muna loda kaya tare a wani sito da ke titin Wendover, ni Badaru ɗan Kano, shi kuma mutumin Nijar, daga wani ƙauye a arewacin Tawa. Gidansu maginan rijiya ne kaka da kakanni. Tun yana ɗan shekara goma ake zura shi rami da igiya, kuma a ramin ya rasa mahaifinsa, Baba Mahamane, da ƙasa ta rufta masa a zurfin gaba ashirin da takwas, ruwa bai fito ba.

Rabiou ya sayi ɗan gidan katako a McLeansville, shi da matarsa Fassouma da ɗiyarsu guda, Houda. Wata shekara iska ta yaye rabin rufin, yarinyar tana ciki. Daga ranar, da an yi cida sai ta shige ƙarƙashin gado ta toshe kunne, magana ta ɗauke. Uban ya yi mata alkawari: zai yi mata ɗakin da iska ba ta kai wa, kuma ba za ta ƙara tsayawa a fili ana guguwa ba.

A shekarar 2007 ya sayo irin ɗakin nan da ake binnewa a bayan gida saboda guguwa, kamar tankin ruwa, da matakala da murfi a sama. Mai sayarwar ya ce lallai a zuba masa kankare a gindi, a ɗaure shi da sarƙa, in ba haka ba ruwan ƙasa zai taso da shi. Rabiou ya yi dariya har da dukan cinya. Ya kira gayya kamar a gida, muka taru ranar Lahadi da diga da shebur, Fassouma ta yi dambu.

Shekarar fari ce, jar ƙasar ta bushe ƙayau. Ya sauka ramin, ya ɗebi ƙasa ya sunsuna, ya ɗanɗana, ya tofar.

"Bon, to, Badaru, ruwa na nesa. Gaba ashirin ko fi."

Na ce, "Malam, nan fa ba Tawa ba ce. A zuba kankaren mana."

"Kai Bakano, famfo ka sani. Me ka sani a ƙasa?"

Na ji haushi, na yi shiru, kuma wallahi har yau ina jin haushin shirun nan. Muka binne tankin haka nan. Ya kafa masa rumfa mai ƙatuwar azara a saman murfin, wai don inuwa, kamar yadda suke yi wa bakin rijiya.

Shekara ta zagayo. Ƙarshen Agusta aka yi ruwa kwana uku ba tsayawa. Na je gidansu bayan la'asar, sai rediyo ta ce akwai guguwa a gabas da gari, kowa ya nemi mafaka. Muka sauka mu huɗu, Rabiou ya ja murfi ya sa sakata. Ya ɗora Houda a cinya, lokacin shekararta takwas, yana ce mata, "Kin gani? Nan ba abin da zai taɓa ki."

Bai rufe baki ba ƙasa ta motsa ƙarƙashinmu. Fassouma ta yi salati. Fitilar da ke kan benci ta gangaro da kanta. Sai wata ƙara, ƙiii, ɗakin ya karkace, ya ɗaga, muka ji gum a sama.

Na ce, "Rabiou, tashi muke yi!"

Ya haye matakala ya zare sakata ya tura murfin. Ko motsi. Ramin da muka haƙa ya cika da ruwa, tankin ya taso kamar ƙwarya a randa, murfin ya tokare da azarar rumfa. Bututun iska kuwa ya kwanta gefe, jan ruwa na shigowa ta nan. Kafin mu gama gane abin da ke faruwa ya kai idon sawu. Na duba wayata, ba sabis.

Ruwa ya kai ƙauri. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, kuma na so in shaƙe mutumin nan. Shi ko yana kallon yadda ruwan ya kwanta.

"Ku dawo gindin matakala, dukanku. Ku danna."

Muka taru a wuri guda. Wajen ya ɗan sauka. Ya sa kafaɗa, murfin ya buɗe kamar taƙi ɗaya, ya tsaya. Iska ta shigo da kuka, ruwa na dukan fuskarsa. Babba ba zai wuce ta nan ba ko da an shafa masa mai. Ya juyo ya dubi ɗiyarsa.

Fassouma ta ce, "A'a, Malam! Ba Houda ba!"

Ya durƙusa cikin ruwan. "Houda, uwata, na yi miki alkawari, kuma ni zan karya shi. Ki fita. Ki ruga gidan Baba Shekari, ki ce ya zo da zarto."

Yarinyar ta ƙanƙame wuyansa. Aka yi cida. Da hannunsa ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga ta ya tura ta waje, yana kuka ba ɓoyewa. Muka ga tafin ƙafarta ya ɓace.

Gidan Shekari, maƙwabcinsu ɗan kudancin Kaduna, yana bayan wani fili, tafiyar minti biyar. Ban san tsawon jiran da muka yi ba. Ruwa dai ya kai gwiwa, ya wuce. Fassouma ba ta dubi mijinta ko sau ɗaya ba, sunan ɗiyarta kawai take kira.

Sai muka ji injin zarto. Azara ta faɗi, murfi ya wage, ga Shekari, ga Houda a bayansa jage-jage da laka, ba takalmi. Guguwar ma ba ta biyo ta wajen ba.

Fassouma ta rungume ta. Houda ta leƙo ta kafaɗar uwar, ta ce da Turanci, "Baba, na fita cikin iska, kuma na dawo."

Rabiou ya durƙusa a bakin ramin, ya kamfaci jan ruwan da hannu biyu, ya daɗe yana kallonsa. Na zo da baƙar magana a bakina, sai na ji yana cewa a hankali:

"Zurfin gaba ɗaya tak, Badaru. Ubana ya sauka ashirin da takwas yana neman wannan bai samu ba, ni ya kusa cinye mini ɗiya a gaba ɗaya."