Karsanar Asta a Gidan Ɓarawo

Jumare dillalin shanu ne a ƙauyen Jabi, tun ba a fara zancen babban birni ba. Duk wanda duniya ta kayar, sai ya ba shi aron karsana. In ta haihu, maraƙin na mai riƙo ne, uwar ta dawo gida.

Da ya rasu, 'yarsa Asta ta ci gaba da haka. Yayanta Audi kuwa, wanda bai gaji komai na halin uban ba, ya killace rabonsa wuri guda, ko nono ba ya bayarwa.

Ranar da Asta ta ba Ishaya karsana, manomin da ya fito daga kurkuku kan satar akuya, Audi ya tofar da yawu. "Ɓarawo kike ba ajiya?"

"Haka Baba yake yi, Hamma," in ji ta.

Sai ciwon bushiya ya share garken Audi kaf. Shanun Asta, da ke warwatse a gidajen mutane, suka tsira.

Ishaya ne ya jawo masa karsana har ƙofar gida. Audi ya buɗe bakinta, ya duba haƙora, ya ce ai ta tsufa. Amma bai saki igiyar ba.